Giɓin alƙaluma tsakanin maza da mata a binciken lafiya: asalinsa da abin da yake jawowa

A fannin kiwon lafiya, idan aka ce akwai giɓin alƙaluma tsakanin maza da mata, ana nufin cewa abin da masana suka tattara game da jikin mace, cututtukanta da yadda magani ke aiki a kanta bai kai abin da suka tattara game da namiji ba, ko kuma an tattara amma an cakuɗa shi wuri guda ba tare da an ware na maza da na mata ba. Lamarin ya shafi duniya baki ɗaya, domin maganin da aka gwada a Amurka ko a Jamus shi ne dai ake sayarwa a farmasin Maraɗi da na Damagaram, kuma shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, take bai wa ƙasashe suna dogara ne a kan alƙaluman da aka samu. Inda alƙaluman suka karkata, sakamakon binciken ma yakan karkata, daga nan kuskuren ya bi takardar magani har gadon majinyaci.

Bambanci iri biyu

Masu bincike sun raba batun gida biyu. Na farko shi ne bambancin halitta, abin da ake kira "sexe" da Faransanci. Galibi mata sun fi maza yawan kitse a jiki, nauyinsu da ruwan jikinsu kuma bai kai na maza ba. Hantarsu da ƙodarsu suna tace wasu magunguna da sauri dabam da na maza. Sinadaran homon suna hawa da sauka a cikin wata, da lokacin goyon ciki, da bayan ɗaukewar al'ada. Garkuwar jikin mace ma ta fi ta namiji saurin tashi, shi ya sa kusan kashi 80 cikin 100 na masu fama da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita mata ne.

Na biyu shi ne matsayin da al'umma ta bai wa kowa, wato "genre": wane ne ke riƙe da kuɗin zuwa gidan likita, wa ke neman izini kafin ya fita, wa ke wuni gaban murhu cikin hayaƙin itace, wa ke zaman jinyar marar lafiya, wa ke tafiya ci-rani ko haƙar zinariya. Duka biyun suna da hannu wajen wanda zai kamu da cuta, da wanda zai je asibiti, da wanda sunansa zai shiga littafin rajista.

Yadda aka cire mata daga gwajin magunguna

Tushen matsalar ta wannan zamani yana komawa ga wani magani mai suna talidomid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 a matsayin maganin barci, aka kuma riƙa bai wa mata masu ciki saboda tashin zuciya. Kafin a janye shi daga kasuwa a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da nakasa mai tsanani, musamman gajerun hannuwa da ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in saboda wata jami'ar hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, mai suna Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a kan izinin sayar da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne tsoro. A 1977 hukumar FDA ta fitar da ƙa'idar da ta ce kada a sanya matan da ke cikin shekarun haihuwa a matakan farko na gwajin sabon magani. A aikace ƙa'idar ta shafi har da matan da ke shan maganin tazarar haihuwa da waɗanda ba su da aure, kuma kamfanoni da yawa suka ga ya fi musu sauƙi su yi gwajin da maza kawai. Niyyar ita ce kare mace da abin da ke cikinta, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mata ba su daina rashin lafiya ba, ba su kuma daina shan magani ba, sai dai maganin da suke sha ba a gwada shi a kansu ba.

Manyan bincike na wancan lokaci sun nuna girman abin. Binciken da ya tabbatar a 1989 cewa shan asfirin kaɗan-kaɗan yana rage haɗarin toshewar jijiyar zuciya da kashi 44 cikin 100 an yi shi ne a kan likitoci 22,071, dukansu maza. Sai a 2005 aka samu sakamakon irin wannan bincike a kan mata 39,876, kuma ya fito dabam. A wajen mata gaba ɗaya asfirin bai rage toshewar jijiyar zuciya ba, sai ga waɗanda suka kai shekara 65, amma ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 17 cikin 100. Shekara 16 ke nan likitocin duniya suna bai wa mata shawara da sakamakon maza.

A 1991 Bernadine Healy, likitar zuciya, ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, NIH, kuma ta ƙaddamar da wani babban shiri na binciken lafiyar mata. A 1993 majalisar dokokin ƙasar ta wajabta sanya mata a duk gwajin da NIH ke ɗaukar nauyinsa, hukumar FDA kuma ta soke ƙa'idar 1977. Sai dai magunguna masu yawa da ake amfani da su har yau sun samu izini tun kafin wannan gyara.

Wuraren da giɓin ke ɓullowa

Giɓin yana farawa tun daga ɗakin gwaje-gwaje, kafin a kai ga ɗan Adam. A 2011 wasu masana biyu, Annaliese Beery da Irving Zucker, sun duba rahotannin bincike a kan dabbobi a fannoni 10, suka tarar a fannoni 8 an fi amfani da mazan dabbobi. A fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, binciken da aka yi da maza zalla ya ninka wanda aka yi da mata zalla sau biyar da rabi. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai hawa da saukar homon a jikin matan ɓeraye yana dagula sakamako. Wani nazari na 2014 ya nuna cewa sakamakon matan ɓeraye bai fi na mazan sauye-sauye ba. A 2015 kuma masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka gano cewa mazan ɓeraye da matansu ba da irin ƙwayoyin garkuwa ɗaya suke isar da raɗaɗi mai daɗewa ba. Ma'ana, maganin raɗaɗin da aka gina a kan binciken mazan dabbobi yana iya gaza aiki ga mata.

Wuri na biyu shi ne zaɓen mutanen da za a yi gwaji a kansu. Na uku shi ne lissafi: ko da an sanya mata, sau da yawa ba a ware sakamakonsu ba. Idan magani ya yi wa maza amfani sosai, ya yi wa mata kaɗan, matsakaicin lissafi zai nuna cewa yana aiki, bambancin kuma ya ɓace a cikin jimla. Na huɗu shi ne ƙidayar yau da kullum, wato rajistar asibitoci, takardun haihuwa da na mutuwa, da binciken gida-gida. A ƙasashen Sahel wannan na ƙarshe ne ya fi nauyi.

Adadin magani da illolinsa

A 2001 ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya duba magunguna 10 da aka janye daga kasuwar ƙasar tun daga 1997, ya tarar 8 daga cikinsu sun fi cutar da mata. Huɗu daga ciki mata ne aka fi rubuta wa su, amma sauran huɗun maza da mata duk suna sha, illar ce ta fi faɗa wa mata. Wani nazari na 2020 da ya duba magunguna 86 ya nuna cewa a 76 daga cikinsu maganin ya fi yawa ko ya fi daɗewa a jinin mata, ko da an ba su adadi ɗaya da maza.

Misalin da aka fi sani shi ne zolpidem, maganin barcin da ake sayarwa a Faransa da sunan Stilnox. An ba shi izini a Amurka a 1992. Sai a 2013 hukumar FDA ta rage adadin da ake bai wa mata daga miligiram 10 zuwa 5, bayan da aka ga cewa da safe yakan rage a jininsu har ya iya hana su tuƙa mota cikin natsuwa. Hukumar magunguna ta Turai ba ta bi wannan mataki ba, kuma masana na ci gaba da muhawara a kan ko nauyin jiki ne ko jinsi ke kawo bambancin. Abin lura shi ne an shafe shekara 20 ana sayar da maganin kafin a yi tambayar da gaske.

Ciwon zuciya

Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne suka fi kashe mata a duniya, amma an daɗe ana ɗaukarsu ciwon maza. Ciwon ƙirji shi ne alamar da ta fi yawa ga maza da mata, sai dai mata sun fi zuwa da ƙarin wasu alamomi, kamar sarƙewar numfashi, tashin zuciya, gajiya mai tsanani, ciwon baya ko na muƙamuƙi, waɗanda akan ɗauka gyambon ciki ne ko damuwa. Wani bincike na jami'ar Leeds ta Ingila a 2016 ya nuna cewa yiwuwar a yi kuskuren gano cutar a karon farko ga mace mai toshewar jijiyar zuciya ya fi na namiji da kashi 50 cikin 100.

Awon jini ma yana da nasa. Likitoci suna auna wani sinadari mai suna troponin don tabbatar da cutar, kuma an daɗe ana amfani da iyaka ɗaya ga kowa, alhali zuciyar mace ba ta fitar da shi da yawa kamar ta namiji. A 2015 masu bincike a birnin Edinburgh suka gwada awo mai ƙarfi tare da iyaka ta musamman ga mata, sai yawan matan da aka gano suna da cutar ya ninka, daga kashi 11 zuwa 22 cikin 100.

Sida da korona

A cewar ONUSIDA, mata da ƴan mata su ne kashi 53 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar cutar sida a duniya, kuma a Afirka kudu da Sahara su ne kashi 62 cikin 100 na sababbin masu kamuwa a 2023. Amma wani nazari na 2016 ya tarar cewa a gwajin magungunan rage kaifin cutar mata ba su wuce kashi 19 cikin 100 na mahalarta ba, a binciken neman warkar da ita kuma kashi 11. A 2019 an bai wa wani maganin kariya mai suna Descovy izini a Amurka, amma izinin bai shafi mata ba, saboda kusan duk waɗanda aka gwada shi a kansu maza ne.

Annobar korona ta maimaita darasin. Tun watannin farko an ga cewa maza sun fi mutuwa, amma daga cikin bincike 4,420 da aka yi wa rajista kashi 4 cikin 100 kaɗai suka bayyana shirin ware sakamako tsakanin maza da mata. Gwajin farko na alluran rigakafi bai haɗa da mata masu ciki ba, kuma ba a tambayi mata game da jinin al'adarsu ba. Da mata suka fara ba da labarin sauye-sauyen da suka gani, likitoci ba su da amsar da za su ba su, sai jita-jitar cewa allurar tana hana haihuwa ta cike gurbin. Binciken da aka yi daga baya, a 2022, ya nuna cewa sauyin bai kai kwana ɗaya ba a matsakaici, kuma yana wucewa. Da an yi tambayar tun farko, da an samu abin da za a kwantar wa mutane da hankali da shi.

Mata masu ciki: inda giɓin ya fi faɗi

Wani nazari a kan magunguna 172 da aka bai wa izini a Amurka tsakanin 2000 da 2010 ya nuna cewa ga 168 daga cikinsu babu isasshen bayani a kan ko suna iya cutar da ɗan da ke ciki. Wannan yana barin likita da ungozoma tsakanin abu biyu: su ba da maganin da ba a san tasirinsa ba, ko su hana mace maganin da take buƙata.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da palu ko masassara, misali ne da ya shafe mu kai tsaye. Nijar tana cikin ƙasashe huɗu da suka haɗa fiye da rabin masu mutuwa da wannan cuta a duniya, tare da Najeriya, Kwango Kinshasa da Tanzaniya. Mace mai ciki ta fi sauran manya shiga haɗari, domin cutar tana jawo ƙarancin jini, ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Tun farkon shekarun 2000 magungunan da ke ɗauke da artemisinin, irin su Coartem, suka zama babban makamin yaƙi da palu. Amma ga mace mai cikin wata ɗaya zuwa uku shawarar OMS ta tsaya a kan kinin, wanda ake sha har kwana bakwai, mai ɗaci, mai sa jiri da ƙarar kunne, har mata da yawa ba sa gama shan shi. Dalili shi ne ba a gwada sababbin magungunan a kan masu ƙaramin ciki ba. Sai a watan Nuwamba na 2022 OMS ta amince da artemether-lumefantrine, na kwana uku, ga wannan rukuni. Hujjar kuma an same ta ne ta hanyar bin diddigin matan da suka sha maganin a lokacin da cikinsu bai bayyana ba.

Cutar Ebola ma haka. Gwajin allurar rigakafinta a Gini a 2015 bai ɗauki mata masu ciki ba. Da annobar ta ɓarke a gabashin Kwango a watan Agusta na 2018, aka riƙa yi wa jama'a allurar ana tsallake masu ciki da masu shayarwa, alhali cutar tana kashe iyaye mata da yawa, ɗan da ke cikin kuma da wuya ya rayu. Sai a 2019 aka buɗe musu ƙofa.

Rashin bayani yana iya jawo tsoron da ba shi da tushe. A watan Mayu na 2018 wani bincike a Botswana ya ga jarirai 4 da nakasar laka daga cikin mata 426 da suka ɗauki ciki suna shan dolutegravir, sabon maganin sida mai ƙarfi. Ƙasashe da dama suka taƙaita bai wa mata maganin. Da aka ƙara tattara alƙaluma sai haɗarin ya yi ta raguwa, a watan Yuli na 2019 kuma OMS ta ba da shawarar a bai wa kowa, har da masu ciki. Yana kuma iya ɓoye haɗari na gaske. Maganin farfaɗiya mai suna Dépakine ya shiga kasuwar Faransa a 1967, kuma a 2017 hukumomin ƙasar sun ƙiyasta cewa yara 2,150 zuwa 4,100 aka haifa da babbar nakasa saboda iyayensu mata sun sha shi da ciki.

Mutuwar da ba a rubuta ba

A 2021 OMS ta bayyana cewa kashi 40 cikin 100 na mace-macen duniya ba a yi musu rajista ba, a nahiyar Afirka kuma mutuwa ɗaya ce cikin goma ake rubutawa. Idan mace ta rasu a gida wajen haihuwa, aka yi mata sutura kafin azahar, sau da yawa babu wata takarda da za ta nuna dalilin rasuwarta. Saboda haka adadin mata 260,000 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun rasu sanadiyyar ciki da haihuwa a 2023, waɗanda kusan kashi 70 cikin 100 nasu a Afirka kudu da Sahara suke, ƙiyasi ne da aka gina da lissafi.

A Nijar babban tushen alƙaluma shi ne binciken gida-gida. An yi binciken EDSN a 1992, 1998, 2006 da 2012, sannan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar da ENAFEME a 2021. Na 2012 ya nuna cewa mata 535 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma matsakaicin ƴaƴan da mace ke haifa 7.6 ne, adadin da ya sauko zuwa 6.2 a 2021. Ana samun adadin mutuwar iyaye mata ne ta hanyar tambayar mutane game da ƴan uwansu mata da suka rasu, don haka lissafin yana nuna halin shekarun da suka gabata ne, kuma ba ya iya nuna bambanci dalla-dalla tsakanin gunduma da gunduma.

Irin wannan bincike yana da wata iyaka. Matan da ake tambaya su ne masu shekara 15 zuwa 49. Wadda ta haura 50, lokacin da hawan jini, ciwon sukari da sankarar mama ko ta bakin mahaifa ke ƙaruwa, ba ta cikin lissafi. Yarinyar da ba ta kai 15 ba ita ma haka, alhali binciken 2012 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin shekara 15, kashi 76 kuma kafin 18. Ga shi kuma shirin duniya da ke tallafa wa irin waɗannan bincike tun 1984 ya rasa kuɗin gwamnatin Amurka a farkon 2025, abin da ya ƙara nauyi a kan hukumomin ƙididdiga na ƙasashe.

Akwai cututtukan da rashin ƙidaya ya lulluɓe. Tsargiya, wadda ake kamuwa da ita a tabkuna, gulbi da filayen noman rani, an fi saninta da fitsarin jini a wajen yara maza. A jikin mace kuwa ƙwan tsutsar yakan maƙale a mahaifa da al'aura, ya jawo ciwon mara, zubar jini da rashin haihuwa, ya kuma ƙara haɗarin kamuwa da sida. An ƙiyasta cewa mata da ƴan mata miliyan 56 ne ke fama da wannan nau'i a Afirka kudu da Sahara. Da yake alamominsa suna kama da na cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa, akan bai wa mace maganin da ba nata ba, wani lokaci har da zargi, alhali ƙwayar praziquantel ce maganin tsutsar. Yoyon fitsari ma haka yake: an daɗe ana ambaton mata miliyan 2 a duniya, wani ƙiyasi na baya-bayan nan kuma ya ce 500,000. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita kanta shaida ce cewa ba a ƙidaya su ba.

Giɓin yana cutar da maza

Ware alƙaluma yana fito da matsalolin maza su ma. Daga cikin mutum miliyan 10.8 da suka kamu da tarin fuka a 2023, kashi 55 cikin 100 maza ne, kashi 33 mata, kashi 12 yara, kuma binciken gida-gida a ƙasashe da dama ya nuna cewa maza sun fi yawa a cikin masu cutar da ba a gano ba. A wajen sida ma maza sun fi jinkirin yin gwaji da fara shan magani, saboda mace tana haɗuwa da gwaji a wajen awon ciki, namiji kuwa ba shi da irin wannan ƙofa. Zaizayewar ƙashi ana ɗaukarta ciwon tsofaffin mata, alhali namiji ɗaya cikin biyar da ya haura shekara 50 zai samu karaya saboda ita.

Abin da awo ke canzawa

Zubar jini bayan haihuwa, wato zubar rabin lita ko fiye cikin awa 24, yana kashe dubban mata a kowace shekara. An saba ungozoma ta ƙiyasta jinin da ido, ido kuwa ba mudu ba ne. Wani gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, ya sanya wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da ba da magunguna a lokaci ɗaya da zarar jinin ya kai iyaka. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa an gano zubar jinin a kashi 93 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa, maimakon kashi 51, munanan sakamako kuma suka ragu da kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororin aikin.

Nijar ma tana da nata misali. Wani shiri na ƙasa baki ɗaya da ya haɗa ƙwayar misoprostol, balan-balan da ake sanyawa a mahaifa don tsayar da jini, da wata riga mai matse jiki, tare da tattara rahoto daga cibiyoyin lafiya a kai a kai, ya rage mutuwar mata daga zubar jini bayan haihuwa a gidajen likita da fiye da rabi, kamar yadda mujallar The Lancet Global Health ta wallafa a 2023. A fagen sida kuma, gwajin allurar lenacapavir da aka yi a kan mata da ƴan mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda ya nuna a 2024 cewa ko ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa allurar ba ta kamu ba, kuma waɗanda suka samu ciki a lokacin gwajin an ba su damar ci gaba.

Gyare-gyaren da aka yi da abin da ya rage

Muradun ci gaba mai ɗorewa da ƙasashe suka amince da su a 2015 sun buƙaci a riƙa ware alƙaluma bisa jinsi, shekaru da wurin zama. Daga 2016 NIH ta wajabta wa masu neman kuɗinta su yi la'akari da jinsi tun daga gwajin dabbobi, a wannan shekarar kuma ƙungiyar editocin mujallun kimiyya ta Turai ta fitar da ƙa'idojin SAGER, masu neman a bayyana sakamakon maza da na mata dabam. Sai dai ƙa'ida daban, bin ta daban, kuma yawancin mutanen da ake gwajin magunguna a kansu har yanzu ba ƴan Afirka ba ne.

A cikin gida, aikin yana farawa daga rajistar cibiyoyin CSI da ƙananan gidajen likita na ƙauye. Idan ma'aikaci ya rubuta jinsi da shekarun majinyaci, amma takardar rahoton wata ta nemi jimla kawai, bayanin ya ɓace kafin ya isa Yamai. Cibiyoyin bincike irin su CERMES da LASDEL a Yamai, Epicentre a Maraɗi, da sassan likitanci na jami'o'in ƙasa suna da rawar da za su taka wajen sanya mata, har da masu ciki, a cikin bincike bisa yardarsu da kulawar kwamitin ɗa'a. Iyalai ma suna da nasu rabo: kai rahoton haihuwa da na rasuwa ga ma'aikatar magajin gari shi ne matakin farko na shigar da mutum cikin lissafi.

Ga mai karanta labarin wani sabon bincike, tambayoyi kaɗan sun isa a gane nauyinsa. Mata nawa ne a cikin waɗanda aka gwada? An ware sakamakonsu? Akwai masu ciki, masu shayarwa da waɗanda suka manyanta? A wace ƙasa aka yi shi? Ga mai shan magani kuma, bai dace ta rage ko ta ƙara adadinsa da kanta ba. Abin da ya kamata shi ne ta sanar da likita idan tana da ciki, tana tsammaninsa ko tana shayarwa, ta kuma koma ta faɗi duk wata illa da ta ji, domin irin wannan rahoto ne ke shiga rajistar sa ido a kan magunguna, wadda da ita ake gyara shawarwarin da za a bai wa wasu matan.